Kulolin da Aka Kawo wa Yaya a Dengfeng

Kwana biyu kafin yayana ya taso daga Kano matarsa ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Mai labarai, ga yayanka nan tafe. Kayansa shi ya sani. Ni bakinsa na ba ka amana."

Na san abin da take nufi. Yaya ya shekara shida da ciwon sukari, kuma a lokacin akwai gyambo a babban yatsansa na ƙafar hagu da ya yi wata biyu bai rufe ba. Likitansa ya faɗa masa ba kwana-kwana: muddin sukarin bai sauka ba gyambon ba zai warke ba, in kuma bai warke ba sai an yanke yatsan. Ya kuma hana shi tafiya. Yaya ya saurara, ya yi godiya, ya fito ya wuce wurin masu sayar da tikiti, domin baje kolin kaka na Pazhou, a nan ƙasar Sin, ya kusa buɗewa, kuma akwai wandunan jins da ake ɗinka masa a Xintang da ya ce sai ya taɓa su da hannunsa. Mako uku zai yi, a wurina zai sauka.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na san kan abin. Ina da dalilin faɗin haka. Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan rediyo kafin na zo Guangzhou aikin tura kaya, ina karanta labaran rana, ranar Laraba kuma ina gabatar da shirin lafiya. Aikin ya bar min wata ɗabi'a da har yau ban gama rabuwa da ita ba: na ɗauka duk maganar da aka faɗa daidai, a fili, jimla na bin jimla, wanda ya ji ta zai yi aiki da ita. A ɗakin watsa shiri ba ka ganin mai sauraro, don haka ba ka taɓa ganin lokacin da ya murɗa tasha.

Girkin kuwa a hannun wani dattijo Balarabe mutumin Halab ta ƙasar Sham na koya, mai gidan abinci kusa da unguwar Xiaobei. A shekarata ta biyu a nan jinina ya hau, sai na fara zuwa wurinsa da rana ina cin ƙananan farantan nan da Larabawa ke jerawa kafin nama, waɗanda mutanenmu ke turewa gefe su jira kaza. Da ya ga tambayata ta fi cina yawa, ya bar ni ina tsayawa a bakin kicin bayan la'asar, lokacin da babu ciniki. A nan na ga yadda ake gasa gauta a kan wuta har fatar ta ƙone, a kwashe cikin a dama da riɗi. Da yadda ake dafa kuɓewa gudanta da tumatir da tafarnuwa ba tare da ta yi yauƙi ba. Da koren wake a man zaitun. Jinina ya sauka, wandona ya yi min yawa. Na ce abin da ya yi min aiki zai yi wa ɗan uwana.

Ranar da zai iso na yi sammakon kasuwa. Gautar Sinawa doguwa ce, mai launin shunayya, ba ta da ɗacin tamu. Na yanka ta, na barbaɗa gishiri kaɗan ta tsane, na gasa, na jera a tukunya da albasa da tumatir da tafarnuwa da waken nan mai kama da gujiya da Larabawa ke kira hummus. Na yi kuɓewa. Na yanka kokwamba da na'a-na'a a cikin kindirmo marar sukari. Na sayo gurasa ta alkama mai dusa. Bayan magariba na shimfiɗa leda a falon gidana na unguwar Dengfeng, hawa na uku, na jera.

Yaya ya wanke hannu, ya duba farantan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya duba ƙofar kicin.

"Abincin yana hanya ne?"

"Shi ne wannan, Yaya."

"Wannan ai miya ce. Ina abin da za a ci da ita?"

Na tura masa gurasa. Ya sa yatsa a gautar ya janye. "Ta ma huce. Jiya ka dafa?"

Na yi masa bayani cewa haka ake cin ta. Sunanta ma musaƙƙa'a, wato wadda aka sanyaya, kuma mutanen Girka sun ɗauki sunan suka ƙara mata nama da madara, amma ta asali ta mutanen Sham babu nama a ciki.

"Mutanen Girkan sun fi ku hankali," in ji shi. Ya sunkuya ya shinshina. "Ƙamshin me nake ji kamar na shiga kantin maganin Musulunci?"

"Man zaitun ne."

"Man zaitun? Wanda ake tofi a ciki a shafa wa mara lafiya? Shi kake soya albasa da shi? Kai, boko ya cuce ka."

Duk da haka ya gutsuri gurasa ya dangwala. Ya yi loma huɗu, ina ƙirgawa a raina, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Yaya babba ne a Kantin Kwari. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar Kano da ke zaune a Dengfeng a shagonsa suka koyi awon yadi, ko kuma shi ya fara tsaya musu suka zo Sin. Al'adarmu a nan ita ce ta gida: babba in ya sauka, duk wanda ya san girmansa sai ya aiko da abinci. A wannan yammacin kula huɗu suka shigo. Shinkafa da miya da kaza, tuwon shinkafa da miyar taushe da ƙashin rago, soyayyar shinkafa, farfesun jelar sa. Yaya ya buɗe ta farko, turiri ya bugi fuskarsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe akwai Musulmi a garin."

"Yaya, likita ya ce…"

"Likita yana Kano."

Ba kwaɗayi ne kaɗai ba, dole in yi masa wannan adalcin. Kular baƙo tana da ƙa'ida. Wanda ya aiko zai kira ya ce, "Alhaji, ya gishirin?" kuma yana so ya ji an faɗi abin da ke ciki. Kular da ta koma da abincinta kuwa saƙo ce, kowa ya san me take cewa. Saboda haka Yaya sai ya ci daga kowacce. Na kwashe farantaina na mayar firji.

Haka kwanakin suka jeru. Bayan asuba in soki yatsan hannunsa in ɗiga jinin a na'urar gwada sukari da matarsa ta sa masa a jaka, lambar ta fito ta haura inda likita ya ja layi, shi kuma ya ce na'urar ta Sin ce, ba a yarda da ita. In wanke gyambon in naɗe. Ya zura takalmin da aka yanke wa sama, mu tafi Pazhou ya wuni yana zagaya rumfuna da ƙafar nan, daga wannan zaure zuwa wancan. Mu dawo, in jera nawa, a ƙwanƙwasa ƙofa.

Ranar da za mu Xintang na ga dama ta samu, domin tafiyar ta kai awa guda kuma babu inda zai gudu daga cikin mota. Na tsara maganata kamar yadda nake tsara shiri. Na ce babu wanda ya hana shi nama. Farar shinkafa da tuwo su ne ke rikiɗa su zama sukari nan take, ganye da wake kuwa suna da zare-zare a jikinsu da ke rage gudun da sukari ke shiga jini. Man zaitun ba ya daskarewa a jijiya kamar kitse. Mutanen bakin Bahar Rum kayan lambu ne abincinsu na kullum, nama baƙo ne da ke zuwa jefi-jefi. Da na ga bai katse ni ba sai na shiga abin da na fi so. Na ce gautar nan Larabawa bazinjan suke ce mata, sun karɓi kalmar daga Farisa, Farisawa sun karɓo daga Indiya, ta bi Larabawa har Andalus ta tsallaka Faransa, har sunan da abokan aikina 'yan Nijar ke kiranta da shi da Faransanci jikan wannan kalmar ne. Na ce mu ma ba baƙin wannan tukunyar ba ne. Albasa, gurasa, alkubus, duk sunayensu ta Sahara suka zo mana a bakin fataken Larabawa. Mun karɓi alkamar da kayan zaƙin, muka bar musu tukunyar ganyen.

Na kai ƙarshe. Yaya ya gyara hularsa.

"Ka gama? To a gai da masu sauraro. Tambayi direban nan ko akwai hanyar da ta fi wannan sauri."

A Xintang, bayan ya gama jan ɗinkin wandunan yana duba zik, lawban ɗin masana'antar, wato mai gidan, ya kai mu gidan abincin Musulmin Sinawa ya sa aka kawo rago da taliya faranti kamar faifai. Yaya ya dube ni ya ce, "Shi ma ka yi masa shirin."

A kwana na tara dattijon Halab ya ba ni wani busasshen ganye a leda, ya ce mulukiyya ce, in gwada wa baƙona. Ina buɗewa hancina ya gane shi kafin idona. Lalo ne, lalonmu na gida. Na yi murna kamar na tsinci abu. Na ce wannan dai ba zai ce abincin wasu ba ne. Na dafa yadda aka nuna min, da tafarnuwa soyayya da 'yar tsokar kaza, na kawo da zafinsa tun kafin kuloli su fara shigowa. Na ce masa wasu na cewa sunan daga muluk yake, wato abincin sarakuna, ko da yake ban ga hujjar da ta gamsar da ni ba.

Ya ɗebi cokali ɗaya, ya haɗiye, ya ajiye cokalin.

"Lalo ne."

"Shi ne, Yaya. A Masar…"

"A Masar sarakuna suka ci. A gidanmu mu muka ci." Bai ɗaga murya ba. "Shekarar da Baba ya rasu kai kana goye, ba ka san komai ba. Ni nake tsinko shi a bayan gari, shi da tafasa da rama. Ni na ga Inna tana dafa shi da ruwa da kanwa, babu ɗigon mai, ta zuba mana ta ce ita ta ƙoshi. Ranar da na fara samun na kaina na ce ni da ganye sai dai in gan shi a miya. Yanzu Allah ya buɗa, ka kawo ni ƙasar Sin ka zuba min lalo ka sa masa sunan Larabci."

Shekara goma sha biyu ya ba ni, kuma shi ya sa ni a makaranta. Na ɗauke kwanon. Amma washegari da na kwance bandejin, bakin gyambon ya fara duhu, kuma akwai wani wari da babu shi a makon farko. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma babu ko ɗaya a ciki da zai rufe wannan ramin.

Sai na ce tunda na kasa da mai ci, bari in je wurin mai dafawa. Na lura cewa kulolin, ko daga wa suka fito, hannu ɗaya ne ya yi miyarsu. Masu aikowa ba su da iyali a nan, saye suke yi. Kusan duka daga wurin wata Hajiya mutuniyar Kumasi suke, wadda ke girki a wani gida lungu biyu daga nawa. Na je da hantsi. Na same ta a kan kujera 'yar tsugunno tana juya tukunya, mata uku na yanka albasa, wani ɗan Nijar na tsaye a bakin ƙofa yana jiran nasa.

Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, alfarma nake nema. Duk kular da za ta gidana, a rage shinkafar, a cire kitsen, a cika da ganye. Ai kuna da ayoyo." Sunan lalo ke nan a wurinsu.

Ta yi dariya har ta saki muciyar. Ta ce da Hausarta ta Zango, "Malam, mutum ya ce in zuba wa Alhaji kaza biyu, ni in zuba ayoyo? Gobe ya buga waya, Alhaji ya ce na gode da ganye. Wa zai sake aikowa wurina? Kular nan fuskar mai aikowa ce a ciki." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ƙare min kallo. "Ko Alhajin ba shi da lafiya ne?"

An yi min tambaya, sai na ba da amsa yadda aka horar da ni. Na faɗi sunan ciwon, na faɗi shekarunsa, na faɗi yatsan da ƙafar da yake, na faɗi abin da likita ya ce zai biyo baya. Ban bar komai a duhu ba. Wuƙaƙen masu albasa suka tsaya. Ɗan Nijar ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Hajiya ta ce, "Ayya, ayya. Alhaji mutumin kirki. Bar min sauran." Na sauko daga benen ina jin daɗin cewa yau dai saƙo ya isa inda aka aike shi.

Na san Yaya yana ce wa duk wanda ya tambayi ƙafar tuntuɓe ya yi. Na sha jin sa da kunnena. Na ɗauke ta a matsayin irin amsar da ake ba mutum don a wuce wurin, ban tsaya na auna nauyinta ba. Babban ɗan kasuwa ba ya ciwo a gaban mutane. Akwai waɗanda ke jingine da shi, akwai kuma masu jiran ya zauna su tsaya a inda yake tsaye, kuma dukkansu ƙafarsa suke kallo.

Washegari bayan la'asar takalma suka cika bakin ƙofata har kan matakala. An zo dubiya. Bahaushe kuwa ba ya zuwa dubiya hannu sake, kuma kowa ya san abin da ake kai wa mara lafiya. Katan-katan na malt. Madarar gwangwani. Lemon kwali. Dabino. Zuma kwalba biyu, domin zuma magani ce. Kuloli suka zama bakwai, saboda mara lafiya na bukatar ƙarfi, kuma Hajiya ta cika alkawari iya fahimtarta: ta ƙara farfesu, ta ɗora ɗan ayoyo a gefen tuwon.

Yaya yana zaune a kan kujera, ƙafar a ƙasa, ya ja babbar riga ya rufe ta. Yana amsa "ya jiki" da "lafiya lau, wa ya ce muku ba ni da lafiya?" Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Can wani daga cikin waɗanda suka taso a shagonsa ya matso ya rage murya, amma ba yadda za a kasa ji ba: "Alhaji, in jikin ya ƙi, ka huta kawai. Kayan Xintang ni zan tsaya maka a kai, lawban ɗin ma mun saba."

Yaya ya juya wajen katan-katan ɗin. Ya ce, "Miƙo min malt ɗin nan. Kawo madara." Ya buɗe da kansa, ya haɗa a babban kofi, ya kafa kai ya shanye. Ya sake haɗa wani.

Na ce, "Yaya, wannan guba ce a jikinka."

A gaban mutum goma sha wani abu, ƙane ya gyara wa yayansa. Wani dattijo ɗan Fagge ya yi gyaran murya ya ce, "Haba Mai labarai, bar shi ya sha mana, ai ƙarin jini ne." Aka yi dariya don a rufe abin. Yaya ya shanye kofi na biyu, ya miƙe tsaye a kan ƙafar, ya raka su har ƙasa, hawa uku, yana ba'a da kowa, ya kuma hawo shi kaɗai ba tare da ya riƙe ƙarfen matakala ba. Da ya shigo bandejin ya jiƙe.

Ya zauna. Na ɗauko ruwan wanki ya ɗaga min hannu.

"Shekara shida, ko masu tsaron shagona ba su sani ba. Kwana goma sha biyu na yi a gidanka, yau har Kumasi an sani."

"Yaya, don a daina kawo maka…"

"An daina?" Ya nuna katan-katan ɗin da ke jingine da bango. "Na sa ka a makaranta ka iya magana. Ban nemo maka inda ake koyar da shiru ba. Laifina ne."

A nan raina ya ɓaci, irin ɓacin da ban taɓa nuna masa ba. Na ce kwana goma sha biyu ina sammakon kasuwa, ina tsaye a kan wuta, ina wanke masa ƙafa, ina roƙonsa ya ci abin da zai cece shi kamar ni ne mai ciwon. Na ce mutanen da yake cin abincinsu don kada su ji kunya, babu ɗaya a cikinsu da zai ba shi aron yatsa. Na ce, "Yatsanka zai tafi, Yaya."

Ya ce, "Nawa ne."

Da safe ya ce in haɗa masa kaya. Ya koma wani otal a bakin titi, kusa da ɗakin dattijon nan ɗan Fagge. Ni na ɗaukar masa jakunkunan. Kwana biyu ina zuwa wanke gyambon, a na uku ya ce ya sa an duba masa a wani ƙaramin asibiti, kada in wahalar da kaina.

Ranar da ya bar gidana, saura kwana tara ya koma Kano. Na zauna na yi tunani, sai na ga ai yanzu ni ma ina cikin masu aikawa. Ƙa'idar da ta kayar da ni za ta iya yi min aiki: kula ba ta komawa da abincinta. Na sayi kula sabuwa. Kullum in cika ta da gauta da hummus, ko kuɓewa, ko koren wake, da zafinsu wannan karon, in kai da kaina in ajiye cikin sauran. Kullum ta dawo min a wanke, babu ko ɗigo. Na fara sa rai. A kwana na biyar na haɗu da ɗan Fagge a bakin masallaci, ya kama hannuna da fara'a.

"Mai labarai, ashe haka ka iya girki? Gautar nan taka, wallahi ko a Makka ban ci irinta ba. Kullum ni Alhaji ke turo wa. Gobe ka ƙara tafarnuwa."

Na ce to. Na ci gaba da kaiwa har ranar ƙarshe, domin in na daina shi ma saƙo ne.

A filin jirgi Yaya ya jingina da keken kaya yana tura shi a hankali, yana yi kamar nauyin jakunkunan ne. Mutum shida suka zo rakiya, don haka ba mu keɓe ba. Ya ba ni hannu ya ce, "Allah ya yi albarka." Ya shige.

A hanyar dawowa na kira matarsa na faɗa mata komai, daga kulolin har dubiyar har abin da na faɗa a gaban mutane. Ta saurara har na gama.

"Mai labarai, wa ya ce ka faɗa masa ganye ne?"

"Ban gane ba."

"Ni shekara shida ina ba shi. Kabewa, alayyafo, zogale, wake, duk yana ci. In zuba su a ƙasa in ɗora tsoka biyu a sama, in rage tuwon kaɗan-kaɗan, in ja bakina in yi shiru. Shi ya sani, ni na sani, ba wanda ya taɓa faɗa. Kular mutane kuwa in ta zo gidana ba ta wuce zaure. Ni ke karɓa, in ɗanɗana, in raba wa maƙwabta, in faɗa masa abin da ke ciki don in an kira ya san amsar da zai bayar."

"Me ya sa ba ki faɗa min haka ba?"

"Ka tambaya? Cewa ka yi ka san kan abin."

Motar tana kan gada a lokacin. Matar Yaya ta ce, "Kana ji na?" Na ce ina ji. Ta ce za ta kai shi wurin likita ranar Alhamis, ko yana so ko ba ya so.

Bayan mako biyar aka yanke yatsan. Ba zan ce makonni ukun nan su kaɗai suka jawo ba, domin ban da hujjar faɗin haka, kuma likitan ma bai faɗa ba. Abin da na sani shi ne ya zo min da gyambon da ake sa ran zai rufe, ya bar ni da wanda ba a sa rai, kuma rana mafi muni a cikin kwanakin ni na shirya ta da bakina.

Ya kira ni daga gadon asibiti kwana uku bayan aikin. Muryarsa garau. Bai ambaci ƙafar ba. Ya tambayi ko kwantenar jins ta bar tashar jirgin ruwa, na ce ta bari tun ranar Litinin. Ya ce madalla. Ya ce baje kolin bazara yana nan tafe in Allah ya kai mu, kuma ya sa ɗan Fagge ya kama masa ɗaki a otal ɗin nan, a hawa na ƙasa.

Na ce, "Allah ya kai mu. Yaya, me ka ci yau?"

Ya ce layin ba kyau, ba ya ji na sosai, za mu yi magana.